Tsohuwar Kyamarata da Hoton Mai Shayi



Wani baƙo da na yi bayan babbar Sallah shi ya jawo wannan rubutu. Ina zaune ƙofar shago bayan la'asar sai ga wani saurayi ya ajiye babur, ya yi sallama, ya durƙusa. Daga yadda ya ce "lahiya lau" na san daga wajenmu ya fito, can ƙasar Maradi. Ya ce, "Baba, kai ne mai hoto?" Na ce, "Da can dai ni ne. Yanzu ga abin da ka gani, taliya da sabulu." Ya ce mahaifinsa ya yi shekaru yana sayar da shayi a garin nan, kusa da inda motoci ke juyawa, har ciwo ya kama shi ya koma gida ya rasu a 2004, shi kuwa a lokacin bai wuce shekara uku ba. Hoto ɗaya tak mahaifiyarsa take da shi a cikin adaka, sai wata damina ɗakin ya faɗi, ruwa ya cinye komai. Ya ce, "Baba, ni ban san fuskarsa ba. An ce mini in akwai wanda zai samo wani, to kai ne." Na ce ya ba ni mako guda, amma ban yi masa alkawari ba.

A daren na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado don in nemi nagetif, wato wankakken fim ɗin da daga jikinsa ake buga hoto. Abin da na fara cin karo da shi ita ce kyamarar kanta, naɗe cikin tsohon rawani. Rabon da in taɓa ta ya fi shekara goma. Na ja hannunta da babban yatsa, na danna. Ƙwas! Ta amsa kamar jiya na ajiye ta. Mai ɗakina ta ɗago kai ta ce, "Malam, wai har yanzu abar nan tana da rai?" Na ce ga shi kuwa kin ji da kunnenki. A cikin akwatin nan akwai kyamarar dijital guda biyu da na saya shekaru da yawa bayanta, akwai kuma wayoyi uku. Ko ɗaya a ciki ba ta motsi.

Sunanta Pentax K1000. Kamfanin Asahi na ƙasar Japan ya fara ƙera ta a 1976, ba a daina ba sai 1997, shekara 21 ke nan ana buga abu guda, aka kuma sayar da fiye da miliyan 3. Na farko-farko a Japan aka yi su, daga baya aikin ya koma Hong Kong, daga nan ya koma Sin, inda aka mai da murfin sama da na ƙasa roba. Tawa ta ƙarfe ce, da sunan Asahi a goshinta. A 1996 na saye ta a Sabon Garin Kano wajen masu kayan hannu, ko a lokacin da 'yar lotsawa a kafaɗarta, alamar ta taɓa faɗuwa a hannun wani kafin ni. Wato yanzu ta haura shekara 35 a duniya, in ma ba ta kai 40 ba.

Mai karatu zai ce mene ne sirrin? Babu wani sirri illa dai abin lalacewa bai da yawa a cikinta. In ka san agogon nan na da da ake wanawa, to ka san cikinta: sifirin ne da haƙoran ƙarfe. In ka ja hannun da yatsa, abu uku ka yi lokaci guda, ka matsar da fim gaba, ka ɗana sifirin, ka ƙara lamba ɗaya a ƙidaya. In ka danna, madubi ya ɗaga sama, ramin gilashi ya tsuke daidai yadda ka saita shi, wasu labule biyu na baƙin ƙyalle su ruga daga wannan gefe zuwa wancan, haske ya shiga ta tsakaninsu ya taɓa fim. Tana iya buɗewa tsawon daƙiƙa guda, tana iya yi cikin kashi 1 bisa 1000 na daƙiƙa, duk da ƙarfin yatsanka. Batir ɗin da ke cikinta ɗan mitsitsi ne irin na agogon hannu, aikinsa ɗaya kacal, motsa wata 'yar allura da ke nuna maka ko haske ya isa. Ko makunni ba ta da shi. Murfin gilashi shi ne makunninta, in ka manta ba ka rufe ba allura na nan tana shan batir. Wannan na koye shi da aljihuna.

Ba ni kaɗai ba ne. Masu hoton zamaninmu kusan kowa irin wannan ƙarfe yake ratayawa. Akwai masu Yashica, akwai masu Zenit ta Tarayyar Sobiyet, mai nauyi kamar dutsen guga, wadda ko ɗan batir ɗin ma ba ta buƙata. Manyan 'yan jarida kuwa Nikon FM2 muke gani a wuyansu muna haɗiyar yawu, ita tana kai kashi 1 bisa 4000 na daƙiƙa ba tare da batir ba, an ƙera ta daga 1982 har 2001.

Aiki kuwa ta sha shi. Lokacin da na zo Ushafa, shekara huɗu ke nan da dawo da gwamnati Abuja a Disambar 1991, gari na buɗewa, mutanenmu na kwararowa, masu shayi, 'yan ga-ruwa, masu gadi, masu facin taya, mahauta. Suna, ɗaurin aure, saukar Alƙur'ani, Sallah ƙarama da babba, bikin masu masaukinmu Gbagyi, waɗanda bakinmu ya saba ce wa Gwari, duk ina wurin. Da makarantar lauyoyi ta dawo Bwari a 1997 sai fasfo ya ƙaru, ga masu zuwa ofishin JAMB, ga masu zuwa shan iska wajen dam ɗin Usuma ranar hutu. In na yi lissafi a ƙasa-ƙasa, fim 3 a mako, kowane mai hoto 36, ya zama 108. A shekara sun haura 5,000. A shekara goma na farko kaɗai labulen nan ya ruga fiye da sau 50,000, a bayan babur, cikin ƙura, cikin yayyafi, cikin turereniyar yara.

Amma aikin da ya fi kowane nauyi a wurina shi ne hoton aikawa gida. Ku da kuka riski zamanin kun sani. Kafin wayar salula ta shigo a 2001, mutum yakan yi shekara biyu, uku, iyalinsa ba su ji ɗuriyarsa ba sai ta kaset da hoto. Zai yi magana a kaset, ya gai da kowa har da jaki, ya haɗa da hoto da ɗan abin da ya samu, ya ba direba ko wani mai tafiya. Hoton nan shi ne shaidar cewa yana raye, yana lafiya, bai lalace a bariki ba. Don haka ba wanda ke son a ɗauke shi da kayan aiki. Na tanadi wata shuɗiyar babbar riga mai aska biyu da hula da agogo marar aiki, duk wanda ya zo sai in ara masa. Mu je gindin dutse, ko mu sami motar wani a ajiye ya dafa ta. Allah Ya yafe mana, rigar nan ta je garuruwa da yawa a takarda, daga Tasawa har Madarunfa.

To a nan ne maganar amana ta shigo. Yaron yanzu in ya ɗauka sai ya duba, in bai yi ba ya sake. Mu kuwa a makance muke aiki. Ka ɗauka ranar Asabar, ka jira fim ya cika, ka shiga mota ranar Litinin ka kai wajen wanki a cikin gari, sai ka karɓo sannan za ka san abin da ka yi. Kafin nan an ci tuwon suna an watse, amarya ta tare, mai tafiya gida ya sa rana. Ba a maimaita suna don mai hoto. Shi ya sa ba ruwanmu da kyan kyamara ko yawan maɓallanta, tambayarmu ɗaya ce: abin da ta yi jiya, shi za ta yi yau? Wannan baiwar Allah, a iya zamana da ita, ba ta taɓa yi mini ƙarya a ɓoye ba. In wani abu na damunta, kunne na ji, yatsa na ji.

Sau biyu na ji kunya mai tsanani, kuma duka biyun ni ne da laifi. Na farko a wani ɗaurin aure ne da dare. Ƙa'idar kyamarar in za ka sa filashi kada ka wuce lamba 60 a saurin labule. Na baro ta a 250 tun aikin rana. Da aka wanko, kowane hoto wani yanki ne kawai ya fito, sauran baƙi ƙirin, ango ga kafaɗa ba fuska. Na biyu ya fi ciwo. Sunan ɗan fari ne na wani maƙwabcina da ya shekara tara yana jiran haihuwa. Na sa fim cikin gaggawa, ashe bakinsa bai kama sandar da ke naɗe shi ba. Ina ta ɗauka, ana ta gyara hula, ana ta ɗaga jariri. Ƙidaya ta kai 36, na ja, ta tafi. Na sake ja, ta sake tafiya ba wata turjiya. Nan gabana ya faɗi, don fim in ya ƙare tsayawa yake cak. Ko hoto ɗaya ba a ɗauka ba. Da na kalli ɗan marikin hagu da ake mai da fim da shi, da na gane tun a hoto na biyu, don in fim na tafiya shi ma juyawa yake. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, ranar ni ne uwar ɗiyar. Mutumin bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Malam, haka Allah Ya so." Da ma zagin ya yi. Tun daga ranar, ko magana ake yi mini, idona na kan marikin nan har sai na ga ya juya.

Ranar da na ƙara sakankancewa da ita kuwa ita ce 27 ga Agustan 2000, ranar da shugaban Amurka Bill Clinton ya zo Ushafa tare da 'yarsa Chelsea, aka sa masa babbar riga, aka ba shi sarautar Ɗan Masanin Ushafa. Da sassafe na leƙa cikin kyamara na ga allura a kwance, batir ya mutu, an bar murfi a buɗe. Ina zan sami batir ranar Lahadi, gari cike da jami'an tsaro? Sai na koma ga abin da ke rubuce a cikin kwalin fim, wanda duk mai hoto ya haddace: fim mai lamba 100, sauri 125, in rana ta take ramin gilashi 16, in da ɗan gajimare 11 ko 8, in inuwa ce 5.6. Da ido na yi aikin wunin. Kada ku tambaye ni hoton Clinton, ban samu ba, ko kusa ba a bar irinmu mun je ba, abin da na samo ƙeyar mutane ne da hular wani ɗan sanda. Amma kowa a garin ya ci ado ranar, kowa na son shaidar cewa yana nan, fim biyar na ƙarar, kuma duk sun fito. Har yau akwai gidajen da in na shiga nakan ga hoton ranar a bango.

Sai dai ƙarko ba ya nufin ba ta ciwo. Ushafa ba Maradi ba ce. Can gida abokan gaba biyu ne, zafi da ƙura. Nan kuwa ga su duka, ga kuma na uku, danshi, don damina na kai wata shida ko fiye, ga duwatsu, ga ruwan dam kusa. In hunturu ya shigo, ƙura mai laushi kamar gari na shiga ko'ina, ƙwaya ɗaya in ta maƙale a bayan kyamara sai ta ja layi tun daga hoton farko har na ƙarshe. In damina ta yi nisa, fumfuna ke tsirowa a cikin gilashi kamar saƙar gizo-gizo, in ta daɗe har cin gilashin take yi. Abin da na lura da shi shi ne, kyamarorin da suka fi kamuwa su ne na masu kuɗi, waɗanda ake sayowa a kulle cikin jakar fata a sa a kabad sai Sallah. Wadda ke fita kullum tana shan rana da iska, man da ke cikin haƙoranta ba ya samun damar daskarewa. Zama ya fi aiki cin irin wannan ƙarfe. Ni dai abin da nake yi, kullum dare in goge ta da tsohuwar singileti mai tsabta, in hure ƙura da ɗan famfon roba, in ajiye ta cikin gwangwani tare da 'yan ƙullin ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, masu shanye danshi. Shi kuwa fim zafi ne ba ya so, firji kuma ba ni da shi, ko da akwai wutar ba ta zama. Sai na sayi babbar randa wajen matan Gbagyi, waɗanda duk ƙasar nan an san su da ginin tukwane, na girke ta kan yashi, nakan rufe fim ruf cikin gwangwani in tura shi gindinta inda sanyi yake. Randar ma tana nan, ita ma ba ta fashe ba.

Sau ɗaya ta kwana wajen gyara, a 2003. Na fara ganin wani jan tabo kamar harshen wuta a gefen hotuna. Aka yi mini kwatancen wani dattijo Bayarabe a Kaduna, asalinsa mai gyaran agogo, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Ya buɗe bayanta, ya shafa yatsa a bakin ƙofar, ya nuna mini wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta. Ya ce, "Yaro, soso ne. Duk kyamarar zamanin nan da shi ake toshe haske, shekaru da zafi ke narkar da shi, ba laifin kowa ba ne." Ya kankare shi da tsinke, ya ɗauko baƙin zaren ulu irin na saƙa ya cusa a ramin, ya ce wannan sai ya riga ni tsufa. Ya sa kyamarar a kunne ya danna a daƙiƙa guda, ya saurara ido a rufe kamar likita. Ya wanke haƙoran, ya ɗiga mai da bakin allura, ɗigo biyu ko uku. Ya ce, "In na ji ka zuba mata man keken ɗinki, kada ka sake zuwa shagona."

A tafiyar nan na kai masa wata kyamarar da na saya a 1999, lokacin da ido ya rufe mini da son zamani. Ta roba ce, mai kai kanta, ita ke jan fim, ita ke saita komai, gilashinta na fitowa yana komawa da ƙara mai daɗi. Ba ta cika shekara biyu ba, ana tsakiyar kai amarya cikin ƙurar hunturu, gilashin ya fito ya ƙi komawa, shi ke nan. Allah Ya sa tsohuwar na cikin jaka. Dattijon ya jujjuya ta ya miƙo mini, ya ce, "Wannan ba a yi ta don a gyara ba." Ban ce duk mai batir banza ba ce, na ga waɗanda suka yi shekaru da tasu lafiya. Bambancin dai shi ne, mai sifirin takan yi ta tari kafin ta kwanta, mai waya a ciki kuwa faɗuwa ɗaya take yi, in kuma kamfani ya daina yin kayanta to sai dai a yi mata addu'a.

To in haka take da ƙarko, me ya kai ta ƙarƙashin gado? Kasuwarta ce ta watse ta bar ta a tsaye. Kyamarar fim ba ta rayuwa ita kaɗai, sai da mai sayar da fim, da mai wanki, da mai gyara. A 2005 kamfanin da ke yin fim ɗin Agfa ya durƙushe. A farkon 2006 Konica Minolta ya ba da sanarwar barin sana'ar kyamara da fim gaba ɗaya, alhali fim ɗin Konica na cikin waɗanda muka fi saye saboda sauƙin kuɗinsa. A watan ne Nikon ma ya ce ya daina yawancin kyamarorinsa na fim. Kodak, uban tafiyar, ya shiga kotu neman kariya daga masu binsa bashi a Janairun 2012, ko da yake ya farfaɗo, kuma ana ci gaba da yin fim da sunansa. Mu nan ba mu karanta waɗannan labarai a lokacin ba, a jikinmu muka ji su. Fim ya fara wuya, wanda ake samu ma kwanansa ya ƙare. Gidajen wanki suka rage, waɗanda suka saura kuma aiki ya yi musu kaɗan har ruwan maganinsu na tsufa a inji. Shi wankin fim mai launi ba ya son wasa, zafin ruwan ma sai ya tsaya wajen digiri 38. Wani gidan wanki ya taɓa miƙo mini hotunan biki gaba ɗaya kore shar, kamar an ɗaura auren a ƙarƙashin kogi. Ni ma na bi yayi na sayi dijital, ta mutu, na sake saye, kafin ita ma ta mutu waya ta riga ta shiga hannun kowa. Da na koma Kaduna neman dattijon nan aka ce ya rasu, a shagonsa rigar waya ake sayarwa.

Mu koma kan baƙona. Nagetif ɗina na cikin gwangwanayen biskit guda bakwai, kowane fim cikin takardarsa da lamba, lambar kuma na cikin littafin makaranta mai layi inda nake rubuta bashi. Don bashin na yi wannan tsari, ba don tarihi ba, gaskiya ɗaya ce. Dare huɗu na yi ina bi da tocila. Wasu sun manne da juna saboda danshi, in ka ɓamɓare sai fuskar mutum ta biyo ɗaya gefen, waɗannan sun tafi har abada. Wasu launinsu ya juya. Amma mafi yawa suna nan garau. A littafin 2002, watan azumi, na ga rubutuna: "Mai shayi, ɗan Tasawa, da riga, kwafi 3, ya biya 2." Na ɗaga nagetif ɗin a gaban fitila. Ga shi nan tsaye gindin dutse, ya dafa ƙugu. Sai a lokacin na tuna shi sosai, dogo, mai wushirya, ba ya ƙara wa kowa madara sai an yi faɗa.

Ɗana ne ya nuna mini dabarar zamani. Ya mai da fuskar waya ɗaya fari fat, muka ɗora nagetif a kai, ya ɗauka da wata wayar, ya juya launin, sai ga mutum ya fito. Da saurayin ya dawo na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, can ya sa yatsa ya taɓa haƙoransa na gaba, don shi ma wushiryar gare shi. Sai idonsa ya kai kan littafin da ke buɗe, ya ce, "Baba, mene ne wannan ya biya 2?" Na ce ba komai. Ya ce a'a, in bashi ne a gaya masa, ba zai bar mahaifinsa da nauyin kowa ba. Na ce naira 50 ce, kuma na yafe tun ba yau ba. Ya ce ya ji, amma dai in karɓa. Na karɓa, na ɗauko biro na soke layin a gabansa.

Abin ya tsaya mini a rai har na sa aka sayo mini fim ɗaya daga Legas, da kuɗin da a da zai sayi fim ɗin wata guda. Ashe wai yaran birni sun dawo suna neman irin waɗannan kyamarori, har a 2024 an fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17. Na sa fim, na tabbata mariki ya juya, na fara da saurayin yana riƙe da hoton mahaifinsa da muka buga a takarda, sauran na ƙarar a kan jikoki da matan da ke gasa tukwane. Wankin ma Legas aka kai, sai da aka yi mako uku. Cikin 36, guda 31 sun fito tas. Biyar ɗin da suka lalace duk waɗanda na ɗauka da yamma ne a ƙaramin sauri, inda mai ya daskare saboda zama, labule ya yi nawa, haske ya yi yawa. Jan tabo kuwa babu ko ɗaya, zaren dattijo na nan yana aiki. Yanzu kowace Juma'a in na dawo masallaci nakan ɗauko ta in danna kowace lamba sau goma ba fim a ciki, daƙiƙa gudan ta fara dawowa daidai a kunnena. Wanda zai buɗe ta ya wanke haƙoran ne ban samu ba tukuna. In akwai wanda ya san mai wannan aiki a Kaduna, Kano ko Suleja, don Allah ya yi mini kwatance.

Shi kuwa saurayin ya ba wani direba hoton ya kai gida, kamar yadda mahaifinsa ya yi shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Makon jiya ya zo da saƙon murya da aka turo ta wayar ƙanin mahaifiyarsa, ya kunna mini. Tsohuwar ta yi godiya, ta yi addu'a mai tsawo, ta ce shi ne, ko shakka babu shi ne. Sai ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Amma ka tambayi mai hoton nan, rigar ta wace ce? Da ya dawo gida na bincike kayansa kaf ban gan ta ba, kuma har ya rasu ban tambaye shi ba."

Saurayin ya kashe wayar ya dube ni. Na ce masa ya zauna tukuna, bari a kawo shayi.